Shekarar da Inna Ta Kunna Kaset

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma na san ta zo kunnenku, domin ko a bikin autarku na ji wata daga dangin mahaifinku tana maimaita ta a bayan ɗaki, tana tsammanin kunnena ya mutu. Wai shekarar da mahaifinku ya tafi Makka, uwarku ta yafa mayafi ta fita ba da izininsa ba, ta kai ƙarar gidan mijinta wurin Bayarabiya, ta jawo masa zaman kaka guda ba aikin yi. Fitar gaskiya ce, zaman ma gaskiya ne. Abin da ke tsakaninsu ne ba a taɓa gaya muku ba, saboda ni da mahaifinku mun yi alkawarin ba za mu buɗe baki ba muddin kakarku Inna tana numfashi. Inna ta riga mu gidan gaskiya, shi ma ya bi ta, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini sanarwa. Saboda haka ku gyara zama ku ji. In kun ga abin dariya ku yi abinku, don ni ma har yau in na tuna sai na dara.

Mahaifinku hatsi yake saya wa wata mata da muke kira Mama Bose, mutuniyar Ibadan, Kirista, wadda ta zo Funtuwa tana goye da 'yarta ta fari, ta zauna kusa da tashar jirgin ƙasa har Hausa ta zauna a bakinta, sai ɗan karin harshen nan da ba ya rabuwa da mutum. Ita ke da jari da sanin kasuwar Kudu, shi ke da sanin ƙauye. In kaka ta yi sai ya bi kasuwanni ya tara masara da wake da dawa, ya zuba a sito biyu, ɗaya a Maska ɗaya a Dandume, kowanne da dattijon da ke riƙe da makulli. Motocin da Mama ke turawa ɗaukar kaya na haya ne, yau wannan direba, gobe wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba. To ta yaya mai sito zai gane cewa Mama ce ta turo mutum da gaske? Da alama. A zamaninmu in ka aiki mutum ya karɓo abu mai nauyi, alama kake ba shi, wato wata magana ko wani ɗan motsi da kai da mai ajiya kaɗai kuka sani. Wanda ya zo da ita, ko baƙo ne a buɗe masa. Wanda bai zo da ita ba, ko ɗan cikinka ne a ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. Kuma ba mai canza alama sai ɗaya daga cikin masu kayan su biyu, shi ma sai ya je da kansa mai sito ya ji daga bakinsa.

Da harka ta girma sai suka ga ya kamata a ajiye sharuɗɗan a wani wuri bayan ƙwaƙwalwa, saboda halin rai. Shi da ajami yake rubutu, ita da boko, kuma cikin Yarbanci, kowa in ya dubi takardar ɗan'uwansa sai ya ga kamar kaji ne suka yi tono. A kira akawu kuma an ƙara kunne na uku. Mama ce ta kawo dabarar rikoda. Lokacin ne rediyo mai kaset ya fara shigowa gari, mahaifinku kuwa ya sayi nasa, yana lulluɓe shi da ƙyalle kamar jariri. Suka rufe zaure, suka ajiye akwatin a tsakaninsu, kowa ya faɗi nasa da bakinsa, aka yi kaset biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ni ina cikin gida, ban san abin da aka faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ya naɗe nasa cikin wata tsohuwar hula ya tura can ƙasan adaka.

Yanzu sai ku san Inna kamar yadda na san ta, ba kamar yadda kuka tarar da ita tana raba muku alewa ba. Mahaifinku ɗan farinta ne, kuma irin alkunyar mutanen zamanin da gare ta. Tunda na zo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, “wancan” take cewa, ko “mai gidan nan”. In ya shigo gaishe ta sai ta juya masa kafaɗa ta amsa kamar da bango take magana. In ya yi zazzaɓi ba za ta leƙa shi ba, sai dai ka ga kunu ya iso ƙofar ɗaki ba a san wanda ya dama ba. A shekarar da ya tafi Makka, aikin hajji ya faɗo daidai da kaka. Ya cika sito biyun da masarar farko, ya ce wa Mama motoci su ci gaba da ɗauka, in ya dawo a shiga sayen dawa, wadda ita ce babbar harkar shekara. Ya bar wa ƙaninsa, Baffanku Garba, cefane da aiken waje, ya bar wa Inna ni da makullin adaka. Tun da ya tafi Inna ta rage cin abinci. In jirgi ya wuce a sama sai ta fito wai shanya za ta duba, alhali igiya ba ko ƙyalle. Ba ta taɓa cewa tana kewarsa ba, kuma da ka ce mata haka da ka sha zagi.

Rannan da hantsi mata suka cika tsakar gida, sun zo taya mu zaman jiran alhaji kamar yadda aka saba. Ina madafa ina turara dambu, sai na ji muryar mahaifinku ta tashi a tsakar gida, ras, yana gyaran murya irin yadda yake yi kafin ya fara magana. Na fito da ludayi a hannu ina tsammanin an dawo da shi ne daga hanya. Me zan gani? Rikoda a kan tabarma an ƙure murya, mata sun kewaye shi, tsohuwar hular nan a gefe, Inna kuma ta ba akwatin kafaɗa tana ɓare goro, kamar ba ita ta kunna ba. Ashe duk lokacin da yake taɓa akwatin nan tana lura da inda yake dannawa. Ashe kuma ta san akwai muryarsa a ƙasan adaka, tun ranar da aka rufe zaure.

“Ni dai don baƙi na kunna,” in ji ta, ba wanda ya tambaye ta. “Su ji abin zamani.”

Muryar mahaifinku ta ci gaba, a tsanake, kamar mai karanta wa'azi.

“Sito na Maska. Direba zai cire hularsa, ya sa wa Malam Ɗanjuma farin goro a hannun hagu, ya ce masa: yaya jikin jakin nan mai ɗingishi?”

Sai muryar Mama tana dariya: “Malam, wane jaki kuma?”

“Ai shi ya sa, Mama. Ba shi da jaki.”

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Aka zo kan Dandume, inda direba zai ƙi zama a tabarma, ya kifa turmi ya zauna a kai, ya ce a ba shi ruwa a ludayi. Wata ta riƙe ciki, wata ta tashi ta kifa turminmu tana gwadawa. A nan ne na gane abin da nake ji. Na durƙusa kusa da Inna na rage murya na ce mata wannan maganar ba ta jama'a ba ce. Ta ce in bari baƙi su ji, ai wannan ne karo na biyu, ɗazu ina can ina fama da hayaƙi. Ku da kuka tashi a wani zamani za ku ce me ya hana in miƙa hannu in kashe. Ba a tsallake uwar miji a gaban baƙi a kashe abin da ta kunna, kuma ko da na yi, aikin gama ya riga ya gama. Mata suna ta hayaniyar jaki, ba wadda ta saurari ƙarshen kaset ɗin sai ni da ke durƙushe a bakinsa. Muryar Mama ce, wannan karon ba dariya.

“Wanda alama ta fita daga ɗakinsa, shi zai kawo labari da ƙafarsa, kafin ya sa loma a bakinsa. In ya faɗa, ya huta kaka guda, a dawo a ci gaba. In ya ɓoye har aka ji a bakin wani, hanya ta rabu ke nan har abada.”

Mahaifinku ya ce: “Na yarda. In ba na nan, gidana ni ne.”

Bayan azahar baƙi suka watse, kowace da guzurin labari. Na bi su da kallo ina lissafa mazajensu a raina. Akwai matar ɗan kamasho a tashar mota, akwai matan direbobi, akwai wadda ƙaninta ba a taɓa sanin sana'arsa ba amma kullum da sabon takalmi. Ba na zargin kowa a cikinsu, mutanen kirki ne, amma magana zarar bunu ce. Garba ya shigo cin abinci, na zuba masa dambu, na zayyana masa komai a gaban Inna. Kun san tsakanina da shi wasa ne, irin na matar wa da ƙanin miji, saboda haka da dariya ya fara.

“To ke matarmu, mene ne na tayar da hankali? Kawo kaset ɗin in ɗora waƙa a kai. In an shafe shi, wa ya ji, wa ya gani? Yaya ya dawo ya gyara abinsa a hankali.”

Na ce: “Ka shafe kaset. Kunnuwan da suka fita ƙofar nan fa, da me za ka shafe su?”

“Mata ne fa,” in ji Inna. “Mi mata suka sani da sito?”

“Inna, kowace a cikinsu akwai wanda za ta kai wa tuwo anjima, kuma ba shiru ake ci ba.”

Garba ya ce to shi zai hau babur ya je ya ce wa masu sito kada su buɗe wa kowa. Na tuna masa cewa ko shi ya je ba alama ruwa za a ba shi, kuma in ma sun saurare shi, direban Mama na gaskiya zai je a koro shi, ta ji a bakin wani, abin da ake gudu ya faru. Sai ya daina dariya. Ya ce in yi tunani, kaka guda ba wasa ba ce, abincin gidan nan ne zan ɗauka da hannuna in kai waje, kuma wataƙila ba abin da zai faru in an yi shiru. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare, kuma na ji ta har cikin raina. Tsoro nake ji sosai. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa taka ƙofar zaure ba sai da izinin mahaifinku, kuma na san matan da ƙaramin abu bai kai wannan ba ya mayar da su gidan iyayensu. Ina jin haushin Inna, ina kuma jin tausayinta. Amma na ji mijina da kunnena ya ce ya yarda, ya kuma ce in ba ya nan gidansa shi ne. Ko na so ko na ƙi, ranar ni ce gidan.

Na tura kwanona gefe. Dambun nan kuwa ya yi kyau, da zogale da man gyaɗa, kuma tun koko na safe ban sa komai a cikina ba. Inna ta ce in ci, na ce sharaɗin ya ce kafin loma. Garba ya ce shi dai ba da shi aka yi sharaɗi ba, ya ci gaba da aikinsa a kwano. Muna cikin haka ɗan garuwa ya yi sallama ya shigo ya juye mana ruwa a randa. Da zai fita sai ya dubi Garba yana murmushi.

“Malam Garba, yaya jikin jakin nan mai ɗingishi?”

“A ina ka ji wannan?”

“A bakin famfo. Kowa yi yake.”

Lomar Garba ta tsaya tsakanin kwano da baki. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafi, na naɗe kaset ɗin a hularsa, na zo na durƙusa gaban Inna na ce a hannunta aka bar ni, ina neman izini. Sai ta ce:

“Ni ban ce ki je ba.”

Ban tashi ba. Can sai ta miƙe, ta jawo nata mayafin daga kan igiya, ta zura takalmi.

“Gorona ya ƙare. An ce na wajen tasha ya fi kyau. In hanyarmu ɗaya ce, to.”

Goron da ta ce ya ƙare yana nan cike da kwano a bakin ƙofarta. Haka muka fita, tana gaba ina baya, Garba yana biye da mu yana tura babur kamar mai rakiyar gawa.

Mun tarar da Mama Bose a rumfarta tana zaune a kan buhu tana sa a ɗinke bakin wasu. Mace ce mai jiki, in ta ɗaura ɗankwali sai ya yi kamar zai taɓa rufi. Iyawo take kirana, wato amarya da yarensu, ko da yake lokacin ina da 'ya'ya biyu. Da ta gan ni a waje, ga kuma Inna, sai ta dafe ƙirji.

“Iyawo, lafiya? Wani abu ya sami Malam?”

Na ce lafiyarsa ƙalau in sha Allahu. Ta sallami masu ɗinki. Na ajiye hular a gabanta na buɗe.

“Mama, alama ta fita daga ɗakinmu.”

“Wacce?”

“Duka biyun.”

“Wa ya ji?”

“Mata cike da tsakar gida. Yanzu har ta kai bakin famfo.”

“Yaushe?”

“Yau da hantsi.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “Kin ci abinci?”

“A'a.”

“Wa ya kunna?”

“Daga ɗakinmu ta fita, Mama.”

Ta sake tambaya, na sake ba ta amsar nan. Sai ta juya ta dubi Inna, wadda ta dage tana nazarin kwanon rufin rumfar kamar ita za ta biya kuɗin gyaransa. Mama ta dubi hular, ta dubi tsohuwar, ta dube ni. Ita ma uwa ce, kuma ta daɗe a ƙasar Hausa. Kafaɗunta suka fara rawa, sai ta fashe da dariya har da hawaye, tana cewa jakin Malam ya shiga gari. Ta ƙwala wa 'yarta Bose kira ta ce a kawo mini abinci yanzu-yanzu. Ita kuwa ba ta koma zama ba. Ta gyara ɗaurin zane, ta dubi Garba ta dubi babur ɗinsa, ta ce Maska, kafin rana ta faɗi, gobe da sassafe Dandume. Garba ya dubi tayar baya, ya dube ni, na kawar da kai don kada in yi dariya. Har ya tsufa yana cewa babur ɗin nan bai sake miƙewa daidai ba.

Kafin ta hau na yi ƙarfin hali. Ganin ta yi dariya, na sa rai za ta ce a bar maganar hutun, tunda ba abin da ya ɓace. Na roƙe ta, na ce mai gidan ba ya nan, ba da saninsa ba ne.

“Iyawo, in na yafe yau, gobe duk abin da muka faɗa a akwatin nan ya zama waƙa. Da daga ɗakina ta fita, Malam zai zaunar da ni, kuma zan zauna. Kin kawo da ƙafarki, kin tsare hanya. Amma hutu yana nan.”

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Na zauna ina cin tuwon rogonsu da miyar da barkono ya yi wa yawa, hawaye na zuba, ni kaina ban san na barkono ne ko na kaka guda ba. Mama ta ɗauki kaset ɗin ta juya shi a hannu, ta ce wannan yanzu fanko ne, ba sauran sirri a ciki. Sai ta naɗe shi a hular ta miƙa wa Inna da hannu biyu.

“Inna, ki riƙe. Ko baƙi za su sake zuwa.”

“Mi zan yi da shi?” in ji Inna. Amma ta karɓa, ta tura cikin lalitarta. Mun dawo gida ba ta sayi goro ba.

Bayan 'yan kwanaki labari ya zo daga Maska. Wata mota ta tsaya a ƙofar sito, direban ya sauko da fara'a, ya cire hula, ya sa wa Malam Ɗanjuma farin goro a hannun hagu, ya tambayi jikin jaki. Malam Ɗanjuma, wanda Mama ta riga ta ba sabuwar alama, ya ɓare goron ya jefa a baki, ya ce Allah sarki, ai jakin ya mutu, an ja shi bayan gari. Ya sa aka kawo wa baƙon ruwa. Mutumin ya sha, ya ce dama wasa yake, ya tayar da mota. Ko wasan ne ko ba wasa ba, Allah ne masani. Ni dai na san ba a zuwa wasa da babbar mota da 'yan dako a baya.

Mahaifinku ya dawo da haƙorin Makka da tsarabar dabino da zamzam. Sai da gida ya lafa da 'yan barka da zuwa na same shi a ɗaki na gaya masa komai, tun daga dambu har babur. Bai katse ni ba. Da na gama na fara shirin jin an ce in tafi gida, sai ya yi mini tambaya ɗaya.

“Kin ci abinci kafin ki tafi?”

“A'a.”

“To.”

Sai ya ce gari zai tambayi dalilin zamansa, kuma matan da suka zo rannan dariyar jaki kawai suka riƙe, ba su san ita ce ta jawo ba. In aka bi saiwar maganar, a kan uwarsa za ta tsaya, a ce tsohuwa ta ɓata wa ɗanta sana'a saboda son jin muryarsa, ita da ko sunansa ba ta kamawa. Kunyar wannan za ta iya kwantar da ita.

“Uwata ba za ta shiga bakin gari ba. An ga fitarki, a kanki za a ɗora. Za ki iya ɗauka?”

Na ce zan iya. Ban san kayan zai kai har bikin autarku ba.

Shekarar ta yi mana tsawo. Wani ne ya yi wa Mama sayen dawa, mahaifinku yana zaune a ƙofar gida da sabon rawani, abokan wasansa suna ce masa Alhaji mai hutu. Ni na shiga matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli har tafin hannuna ya yi kanta, da damina kuma ya koma gona da kansa. Ba kullum muke dariya ba. Wata rana ya ga motocin dawa suna wucewa, ya shigo ya ce da na jira shi wataƙila da ya san yadda zai yi. Na ce da ya dawo ya tarar da sito wayam, kuma a bakin wani Mama za ta ji. Ba mu sake magana ba sai da yamma, da ya aiko a tambaye ni ko akwai sauran ƙuli. Dangi kuwa suka sa ni a baki, Inna tana ji ba ta cewa komai. Sai dai tun daga lokacin, duk ranar da na kwana da ciwon baya saboda matsa, da safe zan tarar da kunu a ƙofar ɗakina, ba a san wanda ya dama ba.

Da kaka ta zagayo Mama ta zo da kanta da ƙullin goro, ta zauna a zaure. Wannan karon ba a kunna rikoda ba. Ta sa aka kira ni bakin labule, ta ce Alhaji ya riƙe alamar Maska, Iyawo ta riƙe ta Dandume, don kada su sake kwana a adaka ɗaya. Haka aka yi har ta tsufa ta koma garinsu, kuma daga wannan harkar aka yi muku karatu, aka ɗaga ginin da kuke zaune a ciki. Sito biyun sun daɗe da rushewa, amma kada ma ku tambaye ni mece ce alamar Dandume. Mahaifinku ya yi ta zolayata a kanta har ya bar duniya bai ji ba, balle ku.

Inna ta riƙa aron rikoda wai za ta ji labarai, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, sai mu jiyo gyaran muryar nan ƙasa-ƙasa, ko da mai muryar yana zaune a zaure. Da ta rasu, a ƙarƙashin matashinta na sami kaset ɗin, cikin hularsa. Shi ne wanda kuke kira kaset ɗin jaki, wanda kuke roƙona in kunna muku duk Sallah, jikoki suna birgima da dariya, ba ku san abin da ya ci ba. Hotunan mahaifinku suna nan a bango, amma ba wanda yake magana a cikinsu. A wurinmu ba inda muryarsa ta rage sai a nan, kuma da na bi shawarar Baffanku, waƙa za ku riƙa ji.

Ni ma yanzu in gida ya yi shiru nakan turo ƙofa in kunna, kuma rannan na kama kaina na ba akwatin kafaɗa ina ɓare goro. Allah ya ji ƙan Inna, na daɗe da daina jin haushinta. Ku wurin jakin kuke so. Ni nakan bari ya wuce, ya wuce turmi da ludayi, har Mama ta gama sharaɗinta, ya yi gyaran murya ya ce ya yarda, in ba ya nan gidansa shi ne. Nan nake mayarwa.